Dan Allah me ake zubawa a fotfoliyon neman karatun zane?

Mai Fensir: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah shawara nake nema, wanda ya san abin da gaske ya taimaka min. Na gama sakandare bara, tun ina firamare nake zane kuma yanzu zanen yadi nake so in karanta a jami'a. Yayana da ke aiki a Ingila ya ce in nema ta UCAS, wato hukumar da ake bi a nemi gurbin jami'o'in Birtaniya, zai taimaka da abin da ya sawwaƙa, Abba kuma ya ce in rubuta JAMB in cike ABU kada in zauna jiran gawon shanu, toh na yarda zan yi duka biyun. Matsalar ita ce makarantun can kowacce ta ce sai na tura fotfoliyo, wato kundin ayyukan da na yi da hannuna. Abin da nake da shi zanen fuskoki ne guda 23 da fensir, yawanci na 'yan fim da mawaƙa da na kwafa daga hotuna a waya, mutane na yabawa sosai har an taɓa biyana na zana ango da amarya. Sai wani tsohon littafi da nake gwajin zanen lalle da na hula a ciki, shi kam duk ya yi datti ba zai nunu ba. In ɗauki hoton fuskokin in tura kawai ko yaya ake yi?

Ɗan Gwale: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki tura fuskokin mana, ai su ne ƙwarewar. In Bature ya ga kin zana ido har da ƙyallin hawaye da gashin gira ɗaya bayan ɗaya wlh da gudu zai ɗauke ki. Ki zaɓi 15 da suka fi kyau, wancan littafin ki bar shi a gida.

Anti Mai Rini: A'a ɗan'uwa, ka yi haƙuri, wannan shawarar ita ta taɓa kayar da ni warwas shi ya sa ba zan iya gani in yi shiru ba. Shekarar da na fara nema haka na yi, fuskoki 14 na jera, kowacce sai da ta ci min kusan sati biyu, har bayana ya riƙe saboda sunkuyo. Makaranta ɗaya ce kawai ta kira ni intabiyu. Matar da ta yi hirar da ni ta wuce fuskokin nan fit fit ko minti ɗaya ba ta yi a kansu ba, ina kallo zuciyata na ƙuna. A shafin ƙarshe na sa hoton wasu ƙyallaye guda shida da na tsoma a baba, don cike gurbi kawai na sa su, toh nan ta tsaya cak. Me ya sa wannan ya fi wancan duhu? Sau nawa na tsoma? Me ya sa gefen wannan ya yi dabbare-dabbare? In na ƙulle tsakuwa a ciki kafin in ɗaure da zare me zai fito? Kusan duk hirar a kan ƙyallayen nan ta ƙare. Ba su ɗauke ni a shekarar ba, amma na gane abin da suke nema, da shekara ta zagayo Allah ya ba ni.

Mai Fensir ƙanwata, littafin nan da kike cewa ya yi datti shi ne dukiyarki. Kar ki yage ko shafi ɗaya, kar ki goge komai.

Mai Fensir: Kai Anti, wallahi littafin nan har da man gyaɗa a jikinsa, wasu shafukan na soke su da biro saboda zanen bai yi ba. Shi za su so gani?

Anti Mai Rini: Shi fa. Wanda kika soke ɗin ma shi ya fi, domin yana nuna kin gwada, kin ga bai yi ba, kin sake ta wata hanya. Su malamai ne, ɗaliba suke nema wadda za su koyar shekara uku, ba wadda ta gama iyawa ba, kuma abin da zai nuna musu za ki koyu shi ne su ga yadda tunaninki ke tafiya daga ɗan ƙwarya-ƙwaryan zane har zuwa abin da ya kammala. Zancen kwafin hoto kuwa, ki lura kyamara ta riga ta yi miki rabin aikin, ita ta zaɓi inda haske zai faɗa, ita ta mayar da fuska mai tudu da kwari ta zama shimfiɗaɗɗiya a kan gilashin waya, ke kwafa kawai kika yi. Ki ajiye buta a gabanki ki zana ta da ido ki ji bambancin.

Ɗan Gwale: Anti da girmanki amma ban yarda a raina zanen fuska ba. Kelvin Okafor da Arinze Stanley da me suka yi suna a duniya in ba da shi ba? Mutum ya zauna awa ɗari a kan takarda ɗaya a ce ba fasaha ba ce?

Anti Mai Rini: Fasaha ce ƙanena, ban raina ba, haƙurin da ke cikinta ma ba kowa ke da shi ba. Amma yarinyar nan zanen yadi za ta karanta. Ta sa guda ɗaya ko biyu don a ga hannunta ya faɗa da fensir, kuma in za ta sa ta zaɓi na wanda ta sani, wanda ita ta ɗauki hotonsa ko ya zauna mata, ba ɗan fim ɗin da mutum dubu suka zana daga hoto iri ɗaya ba. Guda 15 kuwa magana ɗaya ce aka maimaita sau 15.

Tsohon Ɗalibin Samaru: Bari in sa baki ta ɓangaren gida tunda a ABU na yi, sashen zayyanar masana'antu, girafiks na karanta. Ƙanwata ki riƙe maganar Abbanki da kyau. Ni abin da ya shigar da ni makin JAMB ne da sakamakon WAEC da tantancewar jami'a, ba wanda ya nemi kundin zanena a bakin ƙofa, don haka kar fotfoliyo ya ɗauke miki hankali ki bar karatun jarrabawa, kuma ki duba littafin JAMB da kanki ki ga darussan da kwas ɗin ke buƙata kafin ki cike, da yawa a nan suke zamewa. Amma fa da zarar kin shiga situdiyo asiri ke tonuwa. Za a jera muku tukunya da kujera da ƙyalle a ce ku zana, wanda ya saba kwafa daga waya sai ka ga gumi na karyo masa, bakin tukunyar ya karkace, ƙafar kujera ɗaya na shawagi a iska. Duk aikin da za ki yi wa Turawan nan zai amfane ki a Samaru, babu asara.

Wani abu kuma. Mutanenmu na ganin sai an tsallaka teku ake samun makarantar zane, alhali a Zariyan nan aka yi abin da ya juya fasahar Najeriya gaba ɗaya. A 1958, tun kafin a kafa ABU a 1962, lokacin ana kiran wurin kwalejin fasaha da kimiyya, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Hujjarsu ita ce za su koyi dabarun da malamansu Turawa ke koyarwa amma abin da za su zana daga gidajensu zai fito. Uche Okeke ya koma kan uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kusan ɗan'uwan lallenki ne. Toh ke da ke da lalle da hula a littafi ai kan hanyar kike tun tuni ba ki sani ba.

Malamin Zane: Masha Allah, magana ta yi daɗi. 'Yata ni zane nake koyarwa a sakandare shekara da shekaru, ga aikin da zan ba ki in za ki iya. Kullum minti 30, abu ɗaya na cikin gidanku, da ido. Yau buta, gobe murhu da tukunya a kai, jibi takalman da aka tuɓe a ƙofar ɗaki yadda suke a warwatse kar ki gyara su, gata zanin Umma a kan igiyar shanya iska na kaɗa shi. Wannan na ƙarshen ki yi shi sau da yawa tunda yadi za ki karanta, ki ga yadda ƙyalle ke karyewa da yadda zanen atamfa ke ɓacewa a cikin ninki ya ɓullo a gaba. Wasu ki ba su minti biyu kacal, wasu awa guda. Ki rubuta kwanan wata a ƙasan kowanne.

Kuma ki fita daga fensir ɗin HB. Ki nemi 2B da 4B da 6B, wato fensura masu laushi da suka fi shi baƙi, ki gwada gawayi, na murhu ma yana yi in kin samu mai laushi, ki gwada biro, ki gwada tawadar allo da alƙalamin kara, ki gwada ruwan shayi da ruwan zoɓo da jar ƙasa a matsayin kala. Takarda in ta yi tsada akwai kwali, akwai takardar buhun siminti, in kin kakkaɓe ta kin goge gawayi na kama ta da kyau. Ki yi babba, ki manna takarda a bango ki zana a tsaye da dukan hannu tun daga kafaɗa, masu zanen fuska sun saba da motsa 'yan yatsu kawai.

Mai Fensir: Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Gawayin ba ya gogewa? Na taɓa gwadawa duk ya shafe a jaka.

Malamin Zane: Yana gogewa. Akwai abin feshi na musamman da ake sayarwa a shagon kayan zane, in ba ki samu ba ki fesa abin feshin gashi na mata daga nesa kaɗan kaɗan, yana riƙewa, sai dai da daɗewa yakan sa takarda ta yi ɗorawa don haka ki ɗauki hoton aikin da wuri. Ki riƙa sa farar takarda tsakanin zane da zane.

Baban Biyu: Ku yi min afuwa in shigo da abin da ke raina, ni uba ne kuma ɗana ma wannan hanyar yake so. Na farko, maganar zana mai rai, mun taso muna jin hadisai masu tsanani a kanta. Na biyu, na ji an ce a makarantun Turai har mutum ake tsayarwa ba sutura a ce ɗalibai su zana. Na uku, in an gama me za a ci? Ba faɗa nake ba, tsoro nake ji.

Anti Mai Rini: Baba tambayarka a kan hanya take kuma ba zan ɓoye maka ba. Eh, ajin zana mutum ba sutura yana nan a makarantun zane na Turai da Amurka, musamman kwas ɗin zane zalla da na sassaƙa. A kwas irin na yadi da tukwane da girafiks ba shi ne ginshiƙi ba, ni abin da na yi tun kafin in karɓi gurbi na rubuta musu na tambaya ko dole ne, na faɗi dalilina, aka ba ni amsa a rubuce. Duk mai shirin tafiya ya yi haka, kar ya bari sai ya isa. Hukuncin zana mai rai kuwa ba ni ce zan ba da fatawa ba, ku zauna da malamin da kuka amince da iliminsa. Abin da na sani a sana'ata shi ne za a iya cika fotfoliyo tam ba tare da fuska ko ɗaya ba, ga gine-gine, ga itatuwa, ga kayan gida, ga rubutu, ga zayyana.

Tsohon Ɗalibin Samaru: Baba in ƙara a kan na Anti. Ibrahim El-Salahi na Sudan ɗan malamin makarantar allo ne a Omdurman, ya yi karatun zane a Khartoum da Landan, da ya dawo gida sai ya gina aikinsa a kan harafin Larabci da ya koya a allo, har gidan adana zane na Tate Modern a Landan ya yi baje kolin ayyukansa a 2013. Mu ma muna da zayyanar allon sauka, da dagi, da aska takwas a gaban babbar riga, da bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure a masallacin Juma'a na Zariya. Zancen abinci kuma, ka duba kwalin magani, tambarin kamfani, bangon littafi, allon talla, zanen atamfa, kowanne wani ne ya zauna ya tsara aka biya shi. Ni da shi nake riƙe da gidana. Ba zan ce maka kowa na samu ba, wanda ya tsaya a satifiket kawai yana shan wuya, amma mai aiki a hannu da zai nuna ba ya rasawa. Ka ciro naira 20 ma ka duba bayanta, Ladi Kwali ce ke ginin tukunya, matar da ba ta yi boko ba ABU ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Baban Biyu: Na gode ƙwarai, hankalina ya ɗan kwanta. Zan zauna da yaron da malaminmu.

Ɗan Damagaram: Sannunku 'yan uwa, daga Zinder nike. Mu ma masu neman lakwal ɗin zane a Faransa ana tambayarsu dosiye, abu guda ne da naku, kuma su ma kayen gwaji, wato littafin gwajin zane, suke so su gani. Ƙanwata in kina da hali ki zaga tsofaffin unguwanni ki zana adon bangon gidaje, mu nan unguwar Birni cike take da shi, ku ma Kano da Zariya kuna da shi. Amma kar ki kwafe shi kawai ki ce kin gama, ki ɗauki ɓangare guda ki maimaita, ki juya shi, ki ƙara masa girma, ki ga ko zai zauna a kan zane ko gyale. Alphadi namu mai tsara tufafi da ya fara bikin nunin tufafin Afirka na FIMA a hamadar Agadez a 1998 da kayan gida ya kai inda ya kai.

Maman Ɗalibi: Ni gargaɗi zan yi. Wani ejan ya karɓi kuɗin ɗan ƙanwata ya ce zai haɗa masa fotfoliyo gaba ɗaya, ashe ayyukan mutane ya kwaso a intanet ya haɗa da waɗanda kwamfuta ta ƙirƙira. Ranar intabiyu aka nuna wa yaro shafi aka ce da me ka yi wannan, tsawon wane lokaci ya ɗauke ka, ya rasa ta cewa. Kuɗi sun tafi, gurbi ya tafi, yaron nan wata biyu ba ya son fita ƙofar gida kuma wallahi ya iya zane, da nasa ya tura da ya fi masa.

Admin: Allah ya kyauta Hajiya. Duk wanda ya bi ɗalibi ta inbos da irin wannan tallar a turo min, zan cire shi daga gidan nan.

Mai Fensir: Salam, na dawo, yau kwana 12 kenan. Malam na yi aikin kullum ban tsallake ba sai ranar da aka yi rasuwa a layinmu. Butar farko kam bakinta ya karkace kamar yadda Yaya na Samaru ya faɗa, ta bakwai ta fara zama buta. Amma abin da ya fi kama ni shi ne kakata, ita ɗinkin hula take tun tana budurwa, kullum da hantsi tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da gwangwanin zare. Na zauna kusa da ita na zana hannunta kawai, yadda take naɗe zaren a ɗan yatsa da yadda babban yatsanta ya yi kanta a gefen da allura ke bi, ban taɓa lura ba sai da na zo zanawa. Ta ce min zanen da ke kan hular ba ta taɓa sa shi a takarda ba, ƙirga ramuka take da ka. Sai na ce ta faɗa min ƙirgen ina ɗigawa a takarda mai layin murabba'i, muka fitar da guda huɗu. Ranar Asabar kuma ƙanin Umma ya raka ni marinar Ƙofar Mata da farin yadi yadi biyu da na yayyanka, na ɗinke zanen hular a jiki da zare na tsuke aka tsoma min. Uku sun ɓaci shuni ya shige ko'ina, biyu sun fito har zanen na nunawa. Anti na ga abin da kike faɗa, ƙyallen na fitowa daga ramin kore-kore sai yana shan iska yana komawa shuɗi a kan idona!

Anti Mai Rini: Allahu akbar, ƙanwata kin sa ni hawaye. Kin san abin da kika yi? Aiki guda cikakke kika haɗa daga tushe har kai. Ga yadda za ki jera shi: hannun kaka, sai hoton hular da gwangwanin zaren, sai takardar ƙirgen nan da ɗige-ɗigenta, sai ƙyallayen a ɗinke kafin a tsoma, sai ukun da suka ɓaci, sai biyun da suka fito. Ukun nan dole su shiga, ki rubuta layi ɗaya a ƙasa, misali zaren bai tsuke ba shuni ya shiga. Kuma ki faɗi gaskiya cewa ƙirgen na kakarki ne, tsomawar marina ne suka yi, ɗinki da tsarin naki ne, wannan ba ya rage miki komai, ƙara miki daraja yake. Ki koma karofin ki tambaye su yadda suke haɗa baba da toka da kanwa da kwana nawa ramin ke yi kafin ya nuna, ki leƙa wajen masu bugu ki ga yadda yadi ke ɗaukar ƙyalli a ƙarƙashin mabugi. Wurin nan tun 1498 ake lissafa shi, ba wata ɗaliba a ajinku da za ta zo da irinsa. Ki sake gwaji ko sau biyu ne da zare mai kauri.

In kin samu irin wannan aikin guda uku ko huɗu, ɗaya a kan hula, ɗaya a kan lalle, ɗaya a kan bangon gidaje kamar yadda ɗan'uwanmu na Damagaram ya ce, kika haɗa da zanen ido na Malam da fuska ɗaya, kin gama.

Ɗan Gwale: Gaskiya na sallama a kan wannan, hannun kakar ma kaɗai da ta turo min na gani ya fi fuskokin rai. Amma har yanzu ina nan a kan a sa fuska biyu ba ɗaya ba.

Mai Fensir: Yaya zan sa biyun in wuri ya isa. Anti shafi nawa ake so? Kuma wayata ba ta da kyamara mai kyau, hotunan duk sai su yi ja.

Anti Mai Rini: Kowace makaranta da nata, har kwas da kwas ma yakan bambanta kuma suna canzawa, don haka ki buɗe shafin kwas ɗin da kanki ki karanta ki rubuta a takarda. Misali jami'ar zane ta UAL a Landan, wadda Central Saint Martins da London College of Fashion ke ƙarƙashinta, kwasa-kwasanta da yawa shafi 30 ne iyaka kuma a shafin intanet na PebblePad ake lodawa. Makarantar zane ta RISD a Amurka ayyuka 12 zuwa 20 take nema ta shafin SlideRoom. Shafi ɗaya zai iya ɗaukar hotuna uku ko huɗu in gwaji ne, amma aikin da ya fi ƙarfi ki ba shi shafinsa shi kaɗai. Ki buɗe da mai ƙarfi, ki rufe da mai ƙarfi, wanda kike shakka a kansa ki cire shi ko da wuri ya rage. A UCAS zaɓi biyar gare ki, wa'adin yawancin kwasa-kwasai a watan Janairu yake, bayan kin tura ne makarantu ke aiko da ranar da za ki loda fotfoliyo kuma wani lokaci kwanakin ba su da yawa, shi ya sa ake so ya zama a shirye tun kafin nan.

Sai maganar da ba a so a ji. Da WAEC kaɗai yawancinsu sai kin yi shekarar share fage ta faundeshan kafin digiri, ga jarrabawar Turanci ta IELTS, ga kuɗin makaranta na ɗalibin waje da ya haura fam dubu 20 a shekara ban da ci da kwana. Ki zauna da Yayanki ku yi lissafi a takarda tun yanzu. In bai yiwu ba ki yi ABU da zuciya ɗaya, tallafin karatu irin Chevening na gwamnatin Birtaniya na digiri na biyu ne, kuma lokacin fotfoliyonki ya yi nauyin da ba a turewa.

Tsohon Ɗalibin Samaru: Zancen hoto kuwa sana'ata ce. Jan da kike gani ƙwan lantarkin ɗaki ne ke jawo shi, ba laifin wayar ba ne. Ki fita tsakar gida da safe wajen ƙarfe takwas zuwa tara, a inuwa ba cikin rana ba, ki kashe filasha, ki goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi domin ƙurar hunturu na sa hoto ya yi hazo. Ki shimfiɗa farin kwali a ƙasa ki ɗora aikin, ki tsaya a kansa wayar na kallon ƙasa sak ba a karkace ba, ki lura kar inuwarki ta faɗa a kai. Kar ki sa filta ko ɗaya. Ƙyallayen ki ɗauke su sau biyu, ɗaya a shimfiɗe, ɗaya kusa sosai yadda za a ga ramukan allura, in da hali ɗaya a rataye ko a jikin mutum. Littafin nan mai man gyaɗa ki buɗe shi ki ɗauki shafi biyu a haɗe har da gefensa da ya naɗe. Farin bango kawai a shafukan, ba fulawoyi ba kwalliya, rubutu ƙarami iri ɗaya: sunan aiki, da me aka yi, girmansa da santimita, shekara. In kin haɗa PDF ɗin ki buɗe shi a wata wayar ki tabbatar bai dushe ba, kuma kar ki bari sai daren ƙarshe, kin san halin netwok da wuta.

Malamin Zane: Kuma 'yata ki ci gaba da minti 30 ɗin nan ko bayan kin tura. In sun kira ki hira za su iya tambayar me kike yi yanzu, ki samu sabon abu a hannu da za ki ɗaga musu.

Mai Fensir: In sha Allah Malam. Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Anti na sayo zare mai kauri ɗazu, kaka ta ce in kawo ita za ta nuna min yadda ake tsukewa ba ya kwancewa, wai ɗaurin nawa na ragwaye ne. Asabar zan koma Ƙofar Mata da guda shida. Yaya na Samaru gobe da safe zan gwada hoton a tsakar gida in turo maka uku ka duba min kafin in ɗauki sauran.

Tsohon Ɗalibin Samaru: Turo su, ki haɗa da na littafin. Ki ajiye 'yar farar takarda a gefen kowanne don in ga ko kalar ta zauna daidai.